Tanbihin 'Yan'uwa A Kan Ɗaura Buri Cikin Neman Halali

Da sunan Allah muke farawa, kuma da Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa tun ba su zo duniya ba, sa'an nan Ya ɓoye wa kowa rabonsa domin ya tashi ya nema. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin aike, aka san shi da amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa cikin hanya, Allah Ya datar da mu da ku, ku sani wata mas'ala ta yawaita a bakin muridai masu sana'a, har na ga ya kamata a sa jawabinta a takarda domin na nesa ya samu. Ita ce, mutum ya zauna a farkon shekara ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa, kafin shekara ta zagayo ina son jarina ya kai kaza, in kama rumfa ta biyu, in yi wa ɗana aure, in rufa wa mahaifiyata ɗaki da kwano, bayan shekara 3 in sauke farali. Shin wannan himma ce abar yabo, ko kuwa shi ne dogon burin da shehunai suka tsoratar da mu a kansa? Mai yin haka yana cikin tawakkali, ko ya fita?

Masu tambayar iri biyu ne. Akwai wanda ya ji masu koyar da kasuwanci na wannan zamani suna cewa mutum ba ya cin nasara sai ya rubuta abin da yake so, ya sa masa wa'adi, ya bi shi dare da rana, abin ya shiga ransa, yana son in ce masa ya yi daidai. Akwai kuma wanda ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, zafin nema ba ya kawo samu, ya miƙe ƙafa a zaure da carbi a hannu, shi ma yana son in ce masa ya yi daidai. Kowannensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, ya saki wani.

Fasali

Mu fara da mai miƙe ƙafa, domin maganarsa ta fi sauƙin warwarewa. Ka sani, ya ɗan'uwana, tawakkali aikin zuciya ne, nema kuwa aikin gaɓoɓi ne, ɗaya ba ya korar ɗaya. Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, da aka kawo masa mafarkin sarkin Masar, shirin shekara 14 ya shimfiɗa, 7 na noma ba fashi, a bar hatsi cikin zangarniyarsa sai ɗan abin da za a ci, 7 na fari a ci abin da aka ajiye, har ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar. Wane ne a cikinmu zai ce dogaronsa ga Allah ya fi na Annabi Yusufu? Kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda. Da wani mutum ya tambaye shi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, umurtarsa ya yi ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Abdurrahmanu ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, ya iso Madina hannu wofi, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya sa masa albarka ya ƙi karɓa, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kaɗai. Da cuku da man shanu ya fara, ya ƙare yana cikin mawadatan sahabbai, kuma yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna.

Haka nan mutanen hanya. Shehu Abul Hasani Shazali, wanda ya rasu shekara ta 656 ta hijira, an san shi da ƙin almajirinsa ya bar sana'arsa ya zauna jiran abin hannun mutane. Almajirin almajirinsa, Shehu Ibnu Aɗa'illahi, wanda ya rasu a Alƙahira shekara ta 709, ya wallafa littafi a kan zubar da tadbiri, wato shirya wa kai al'amura, ya sa masa suna Tanwiru. Waɗansu sunan kaɗai suka ji, suka ce to, shiri haramun ne ke nan. Da sun buɗe littafin da sun ga ya raba tadbiri biyu, na zargi da na yabo, shirya duniya domin duniya da shirya duniya domin lahira. Shi kansa da zuciyarsa ta raya masa ya bar abin da yake ciki ya keɓe ga ibada, shehinsa Abul Abbasi Mursi cewa ya yi masa ya tsaya inda Allah Ya tsayar da shi har Allah da kanSa Ya fitar da shi.

Dubi kuma kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ayari yakan tashi daga ƙasar Hausa bayan ruwa ya ɗauke, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni a hanya kafin a ga Salaga. Madugu ya san kowane zango, ya san inda rijiya take da inda ake biyan fito, ya san kwana nawa guzuri zai kai, jagaba yana gaba yana duba hanya. A komowa kuma goro ba ya jiran kowa, sai an riƙa kwance huhu ana tsince wanda ya ɓaci domin kada ya shafi sauran. Da wani madugu zai ce wa fatake, mu tafi kawai, inda ƙafa ta kai mu nan ne rabonmu, da ko mai jaki ɗaya bai bi shi ba. Duk da wannan lissafi ba a tashi sai an yi addu'a an yi sadaka, domin kowa ya san kogi da 'yan fashi da cuta ba su cikin lissafin madugu. Ita Salagar ma yaƙin basasa ya watsa ta shekara ta 1892 ta Miladiyya, fatake suka koma Karachi da Kumasi da waɗansu garuruwa. Wanda ya rataya zuciyarsa ga Salaga ya rushe tare da ita, wanda ya rataya ta ga Ubangijin Salaga ya sake hanya, ya ci gaba da sayen goronsa.

To mai miƙe ƙafa, wannan ya ishe ka. Wanda ke ci daga gumin ɗan'uwansa ya ce shi mai tawakkali ne, ga ɗan'uwan nan ya dogara.

Fasali

Sai mai alƙalami, kuma maganarsa ta fi tsawo, domin hatsarinsa ya fi ɓuya.

A shekara ta 1981 wani mutum a Amurka, George Doran, ya rubuta sharuɗɗa 5 na ɗaura manufa a wurin aiki. Ya ce a fayyace abin da ake nufi, ya zama ana iya auna shi, a san wanda zai ɗauki nauyinsa, ya zama abin da ke yiwuwa da abin da ke hannu, a yanka masa lokaci. Maganar ta yaɗu cikin duniya, waɗanda suka zo bayansa suka sassauya waɗansu daga ciki, har ta iso kunnen samarinmu na kasuwa. Ni ban ga aibi gare ta ba, magana mai amfani ana karɓarta daga kowane baki. Wanda ya karanta babin ciniki ma ya san shari'a ta riga ta nemi irin wannan a cinikin salami, inda ake ba da kuɗi yau a karɓi kaya gaba, sai an siffanta kayan, an san awonsa, an ambaci ajalinsa. Mutumin da ya ce ina son in yi arziki bai faɗi komai ba. Wanda ya ce zan riƙa ajiye ribar buhu ɗaya cikin kowane 10 har kaka domin in sayi keken ɗinki, shi ya faɗi magana.

Amma ka duba da kyau, ya ɗan'uwana. Sharuɗɗan nan duka suna koya maka yadda za ka kai, babu ɗaya a cikinsu da ke gaya maka inda za ka tsaya. Ɓarawo ma yana cika su. Ya san gidan da yake nufi, ya san abin da ke cikin akwati, ya san wanda zai haura katanga, ya auna ƙarfinsa, ya zaɓi daren da babu farin wata. A can Amurka ɗin akwai wani babban banki mai suna Wells Fargo, manyansa suka yanka wa ma'aikata adadin asusun da kowa zai buɗe wa mutane, aka matsa musu a kai matsi mai tsanani. Da suka ga ba za su cika ta hanyar gaskiya ba, sai suka dinga buɗe asusu da sunayen mutane ba da saninsu ba, a ƙirgar farko aka samu kimanin miliyan 2. A shekara ta 2016 hukuma ta ci bankin tarar dala miliyan 185, ma'aikata kimanin 5,300 kuwa suka rasa aikinsu a kan wannan. Kada ka ce wannan labarin nesa ne. Maigidan da ya ce wa yaron shagonsa, kada ka rufe yau sai cinikin ya kai kaza, bai kuwa ce masa kada ka tauye mudu ba, shi ya koya masa tauye mudu, kuma yana da kaso cikin zunubin ko da bai taɓa mudun da hannunsa ba.

Allah Maɗaukaki Ya ba mu labarin masu wata gona cikin surar Alƙalami. Sun yi rantsuwa za su girbe ta da sassafe, suka fita suna raɗa wa juna kada wani miskini ya shigo musu. Manufarsu a fayyace take, lokacinta a yanke, kowa ya san aikinsa, kuma a ganinsu suna da ikon cikawa. Suna barci bala'i ya kewaye gonar, da suka iso har suka zaci ɓatan hanya suka yi. Abin da aka zarge su da shi, ba su yi togiya ba. Waɗansu masu tafsiri suka ce ma'anarsa ba su ce in Allah Ya so ba, waɗansu suka ce ba su toge rabon miskinai ba. Ni a ganina biyun tushensu ɗaya ne, wanda ya manta akwai Wani a samansa shi ne ke manta akwai wani a ƙasansa.

Fasali cikin labarin Sariyyu da abin da ya rubuta a daftarinsa

Ku kasa kunne ga wannan, domin a kansa na gina jawabina. Sariyyus Saƙaɗi, Allah Ya tsarkake asirinsa, ɗan kasuwa ne a Bagadaza cikin ƙarni na 3 na hijira. Almajirin Ma'arufu Karhi ne, kawun Junaidu ne kuma shehinsa, wanda ya karanta salsalar shehunai ya ga sunayen nan uku a jere. Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505, ya kawo labarinsa cikin Ihya'u a littafin ladubban neman abinci. Sariyyu ya sayi ma'auni ɗaya babba na lauzu, wani ɗan itace ne na ƙasashen gabas mai ƙwaya cikin ɓawo, a kan dinari 60. Ya rubuta a daftarinsa ribar da yake nufi, dinari 3, wato rabin dinari a kowane 10. Sai lauzu ya yi tsada ya kai dinari 90. Dillali ya zo saye, Sariyyu ya sa masa suna 63. Dillalin, shi ma mutumin kirki ne, ya gaya masa kayan nan yau 90 suke. Sariyyu ya ce ya riga ya ƙulla ƙuduri, ba zai kwance shi ba. Dillali ya ce shi ma ya ƙulla tsakaninsa da Allah ba zai cuci musulmi ba, ba zai karɓa ba sai a 90. Suka rabu, wannan bai sayar ba, wancan bai saya ba.

Ka lura da abubuwa a nan. Na farko, waliyyin Allah ne wannan, kuma yana da daftari, yana rubuta jari, yana rubuta ribar da yake nema da adadinta. Wanda ya ce rubuta manufa ya saɓa wa hanya, ga shehin Junaidu ya rubuta. Na biyu, kuma shi ne zuciyar magana, adadin da mutanen zamani ke rubutawa daɓe ne, suna cewa kada in samu ƙasa da kaza, sama kuwa a buɗe take. Adadin da Sariyyu ya rubuta rufi ne, yana cewa kada in karɓi sama da kaza. Alƙalami ɗaya, tawada ɗaya, amma ɗaya ya rubuta wa duniya abin da za ta ba shi, ɗaya ya rubuta wa ransa inda zai tsaya. Duniya ba ta karanta takardar kowa. Rai kuwa ana iya tilasta shi.

Na uku, dubi lokacin da ya rubuta. Ranar saye ya rubuta, sa'ad da lauzu yake 60, zuciya tana kwance. Da ya bari sai ranar da dillali ya tsaya a bakin rumfa yana cewa 90, da rai ya kawo masa hujja ɗari, kowace da rawaninta: iyali na da bukata, za ka yi sadaka da rarar, ai ba kai ka sa tsada ba, kowa ma haka yake sayarwa. Ba a yi wa doki linzami yana cikin sukuwa. Wanda bai yanka wa kansa iyaka tun yana da jari kaɗan ba, da wuya ya yanka ta bayan ya yi yawa, domin kowane tudu ya hau sai ya hango wani a gabansa. Na ga mai rumfa ɗaya yana cewa in na samu ta biyu na huta in koma karatu. Ya samu ta biyu, ya samu ta uku, yau littafin nan yana nan inda ya ninke shi, wurin zikiri kuwa sai dai a tambayi lafiyarsa.

Idan ka ce, shin wajibi ne a kaina in tsaya ga rabin dinari cikin 10 kamar Sariyyu? Na ce a'a. Shari'a ba ta yanka wa riba adadi ba matuƙar babu algus, babu ƙarya, babu ɓoye abinci a lokacin ƙunci, babu cutar wanda bai san kasuwa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatu Bariƙi dinari 1 ya sayo masa akuya, ya sayo 2, ya sayar da ɗaya a dinari, ya komo da akuya da dinari, aka yi masa addu'ar albarka cikin cinikinsa. Shi Gazali ma cikin babin kyautatawa ya sa labarin Sariyyu, bai sa shi cikin babin adalcin da ke wajaba a kan kowa ba. Abin da nake nema gare ka shi ne ka samu iyaka taka, wadda ka yanka da hankalinka kana kwance da zuciya, gwargwadon sana'arka da nauyin da ke kanka. Ta mai goro ba ta zama ta mai gishiri ba, domin goro yana ruɓewa.

Idan ka ce, wannan magana ta zamanin dinari ce, mu kuɗin takarda muke riƙewa. Tun shekara ta 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, darajar naira kuma ta faɗi, mun ga wanda ya sayar da buhu a kan lissafin ranar da ya saya, ya koma sari ya tarar kuɗin buhu 10 ba su sayen 8. In na bi Sariyyu jarina zai narke. Na ce ka yi gaskiya, kuma ba na son ɗan'uwa ya karye da sunan tsantseni ya koma roƙo. Dinarin Sariyyu zinariya ne, yana riƙe da nauyinsa. Saboda haka kai ka ɗora iyakarka a kan abin da zai mayar maka da kayan cikin rumfa a yau, sa'an nan ka ɗora ribarka da ka yanka, ka tsaya nan. Amma ka rarrabe tsakanin tsada biyu, kuma kai ka fi kowa sanin wacce ce a gabanka. Akwai tsadar da ta zo domin kuɗi sun yi rauni, bin ta tsare jari ne. Akwai tsadar da ta zo domin gada ta karye ko ruwa ya ci gonaki, mutanen gari ba su da inda za su saya sai wurinka. A nan ne rai ke cewa wannan ce shekarar da zan cika burina, kuma a nan ne ake bukatar abin da ka rubuta tun da fari.

Fasali cikin yadda muridi zai rubuta tasa takarda

Ka fara da dalili kafin adadi. Kuɗi ba a nemansu domin kansu, sai domin tsare mutunci daga roƙo, da ciyar da wanda ciyarwarsa ta wajaba a kanka, da biyan bashi, da sada zumunci, da taimakon mabukaci. Ka tambayi kanka wanne daga cikin waɗannan rumfa ta biyu za ta yi wa hidima. Idan ka duba ka ga ba komai a ƙarƙashinta sai don wane ya yi, ka san ba burinka ba ne, na wane ne ka aro, kuma ranar da ka kai inda yake za ka tarar ya matsa.

Sa'an nan ka raba takardar biyu. Gefe ɗaya abin da ke hannunka, kamar buɗe rumfa da wuri, da rubuta shiga da fita kowace rana, da raba kuɗin ciniki da kuɗin cefane, da koyon abin da ba ka iya ba na sana'arka, da bin bashi da biyansa a kan lokaci. A nan ka tsananta wa kanka, ka sa adadi, ka sa rana, kada ka karɓi uzuri. Ɗaya gefen abin da ba ya hannunka, kamar farashi da damina da lafiya da zuwan mai saye. A nan ka rubuta fatanka da alƙalami mai sauƙi, ka haɗa shi da in Allah Ya so, kana nufin ma'anarta. Mafi yawan baƙin cikin 'yan kasuwa daga juya wannan yake zuwa, suna sassauta wa kansu a gefen farko, suna tsananta wa ƙaddara a gefe na biyu.

Ƙarƙashin wannan ka rubuta iyakoki. Iyakar riba mun ambata. Akwai iyakar lokaci, kuma ita ta fi saurin zubewa, ka rubuta sa'ar da kake rufe rumfa domin salla cikin jam'i da wuridinka na safe da na maraice da zaman iyali, ka mai da ita kamar bashin da mai shi ke tsaye a ƙofa. Akwai iyakar hanya, ka ambata wa kanka da suna abubuwan da ba za ka yi ba ko da buri zai kuɓuce saboda barinsu, rantsuwa a kan kaya, da bashin ruwa, da ɓoye aibi, da riƙe ladan yaro. Abu Hanifa, Allah Ya yi masa rahama, mai sayar da tufafi ne a Kufa, an ruwaito abokin cinikinsa ya sayar da wani tufa mai aibi ya manta bai nuna wa mai saye ba, da Imamu ya ji ya yi sadaka da kuɗin kayan duka. Wanda ya yi haka tun da can ya san abin da ba ya shiga aljihunsa.

Ranar lissafi kuwa ba sai ka ƙago ta ba, shari'a ta ba ka. A mazhabar Imamu Maliku ɗan kasuwa mai jujjuya kaya, wanda ake kira mudiru, yana da wata guda a shekara da zai ƙimanta abin da ke rumfarsa, ya haɗa da kuɗin hannunsa da bashin da yake sa ran a biya shi, idan sun kai nisabi ya fitar da 1 cikin 40. To wannan rana ita ce ranar buɗe takardarka. Ka ga abin da ka nufa da abin da ka samu, ka fitar da haƙƙin Allah kafin ka rubuta burin shekara mai zuwa. Wanda ke lissafi kullum domin ya san ribarsa, sa'an nan ranar zakka ya ce dukiyarsa ba ta ƙirguwa, ya tona wa kansa asiri.

Tanbihi

Akwai alama da za ka gane da ita ko takardar tana hannunka ko ta shiga zuciyarka, ita ce halinka ranar da abin ya saɓa. Idan shekara ta zagayo ba ka kai ba, ka duba gefen farko, in sakacinka ne ka tuba ka gyara, in ba shi ba ne ka sake lissafi ka yi barcinka, to kana cikin tawakkali ko da takardunka sun cika akwati. Idan kuwa ka ga kana fushi da iyali, kana jin zafin wanda ya samu, kana kabbara kana ƙirga buhuna, to dogon buri ya kama ka ko da ba ka taɓa riƙe alƙalami ba. Ranar samu ma tana da nata gwaji, kuma ya fi na ranar rashi laushi. Shi Sariyyun nan an ruwaito gobara ta tashi a kasuwar Bagadaza, wani ya tare shi ya ce rumfarka ta tsira, ya yi hamdala. Sa'an nan ya farga ya yi murna da abin da ya same shi alhali 'yan'uwansa sun ƙone, ya yi shekara 30 yana neman gafara a kan wannan hamdala guda.

Wani abu kuma da ya shafi mu mutanen hanya musamman. Na ji waɗansu samari sun ɗauki wannan dabara ta wa'adi sun shigar da ita cikin suluki, ɗayansu yana cewa zan yi kaza dubu na salati kwana 40 domin in ga kaza, ko in samu buɗi kafin azumi. Adadi da lokaci cikin aikinka abu ne mai kyau, wuridi kansa adadi ne da lokaci, ka ce zan haddace izu kaza kafin layya, zan rama azumin da ke kaina kafin Sha'aban ya ƙare, zan je gaida gwaggona kowane wata. Amma buɗi kyauta ce, bawa ba ya yanka wa Ubangijinsa ranar kyauta. Wanda ya yi haka, kwana 40 suka cika bai ga komai ba, sai ya yi sanyi ya bar wuridin, ya bayyana ciniki ya zo yi tun asali. Irin wannan ya kai maganarsa ga shehinsa ko muƙaddaminsa kafin ya fara.

Amma ɗan'uwan da ya tambaya a kan tara kuɗin hajji cikin shekara 3 alhali akwai bashin mutane a kansa wanda ajalinsa ya yi, jawabinsa shi ne ya sa bashin a layin farko na takardarsa, hajji a ƙarƙashinsa, domin hajji yana wajaba ne a kan mai iko, mai bashi kuwa haƙƙinsa ya riga ya wajaba. Idan shekara 3 suka zama 5 saboda haka, bai yi jinkiri ba. Allah ne Mafi sani.

Ya cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonSa. Allah Ya gafarta wa marubuci da mai karatu da mai saurare da iyayenmu da shehunanmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya, amin.